Ranar Kurmi Ba Ta San Ɗan Arewa Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu mazauna Kurmi. Za ka ji ta a Agege da Idi-Araba, ka ji ta a Sabo ta Badun, ka ji ta a Ama Hausa ta Owerri, har kasuwar shanu ta Lokpanta. In ka ce wa mutum ya matsa cikin inuwa, ko kuwa ya nemi abin da zai rufe kansa, sai ya yi maka dariya ya ce, "Haba Malam, wanda ya sha ranar Sakkwato, ai ranar Ikko wanka ce a wurinsa." Maganar tana da daɗin ji, kuma tana ƙara wa mai faɗarta ƙarfin zuciya. Amma ni a ganina tana cikin maganganun da ke kai 'yan'uwanmu asibiti, wasu ma ta mayar da su gida da ciwon da ba su zo da shi ba.

Bari mu fara ba mai wannan magana gaskiyarsa. In ma'aunin zafi za a bi, lalle Arewa ta fi. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, alhali kuwa da wuya na Ikko ya wuce 34 ko 35. To, amma inda aka yi tuntuɓe shi ne, mutane sun haɗa abu biyu sun mai da su ɗaya. Zafin rana daban, ƙunar rana daban, kuma a kowanne daga cikinsu Kurmi tana da nata makircin wanda ɗan Arewa bai saba da shi ba.

Mu ɗauki zafi tukuna. Kowa ya san yadda randa take sanyaya ruwa. Ruwan ne yake tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa ita ce take janye zafin. Haka Allah Ya yi jikin ɗan Adam. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe. A Arewa iska busasshiya ce, gumi yana fitowa tana lashe shi, shi ya sa mutum zai yi noma cikin rana tsaka ya dawo gindin bishiya ya ji jikinsa ya sauka nan da nan. A bakin teku kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar naka. Sai ka ga mutum ya jiƙe sharkaf, riga ta manne a baya, ruwan jikinsa yana ta zuba a banza, zafin kuma yana nan a ciki bai fita ba. Waɗanda suke nan a watan Fabrairu na 2024 ba su manta ba. Masana yanayi da suka haɗa lissafin zafi da laimar iska sun ce abin da jiki ya riƙa ji a kudancin Afirka ta Yamma ya kai wajen digiri 50. A daidai lokacin ne ake gasar cin kofin Afirka a ƙasar Kwaddibuwa, inda aka riƙa tsayar da wasa domin 'yan ƙwallo su sha ruwa. Waɗannan fa samari ne da likitoci ke biye da su. Ɗan dako a Mile 12 ba wanda ya busa masa usur.

Ita kuwa ƙuna, ba zafin da kake ji ne yake kawo ta ba. A cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske wanda ido ba ya ganinsa, fata kuma ba ta jin shigarsa, shi ne yake ratsa ta ya yi mata ɓarna. Wannan haske bai damu da sanyin gari ba. Gizagizai marasa kauri ba su tare shi sai kaɗan, har kashi 80 cikin 100 yana iya ratsowa. Saboda haka ranar da garin Fatakwal ya yi lumshi, kowa ya tuɓe riga yana jin daɗin iska, ana iya ƙonewa ba a sani ba. Daɗin daɗawa, Ikko ta fi Kano kusa da tsakiyar duniya, ita tana kan digiri 6 da rabi, Kano tana kan 12. Sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba, rana takan tsaya cak a bisa kan mutumin Ikko har inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ga ruwan lagon da na teku, ga farin yashi, ga siminti, duk suna mayar da hasken sama ya bugi mutum ta ƙasa. A gida ƙurar hunturu takan rage ƙarfinsa na 'yan watanni, a nan kuwa hazon ba ya daɗewa. Masana suna da ma'auni na wannan haske wanda suka ce daga lamba 3 ya kamata a fara neman kariya, 11 kuma ita ce matuƙa. A ƙasarmu, Kudu da Arewa, kaiwa 11 da tsakar rana ba baƙon abu ba ne.

Wani zai ce, to ai wannan ciwon Turawa ne. A nan ma akwai gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta don in tsorata mai karatu ba. Baƙar fata garkuwa ce. Sinadarin da ya ba mu launinmu, wanda likitoci suke kira melanin, yana shanye mafi yawan ɓoyayyen hasken nan kafin ya kai ciki. Shi ya sa sankarar fata da rana ke haddasawa take da wuyar samu ga baƙin mutum, in aka gwada da Bature. Irin wadda ta fi kama mu ma takan fito ne a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko a kan tsohon gyambo da tabon wuta, wuraren da ba ruwansu da rana. Ita ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981, kuma daga yatsan ƙafa ta fara. Amma garkuwa ba ganuwa ba ce. Baƙin mutum yana ƙonewa, abin da ya sa ba ma lura shi ne fatarmu ba ta yin ja. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi in an taɓa, ya ɗame, ya riƙa ƙaiƙayi, bayan kwana uku ko huɗu ya fara saɓa kamar maciji. Ƙeya, da saman kunne, da kafaɗa, da karan hanci, da leɓen ƙasa, da kan da aka yi wa aski ƙwal-kwabo, nan ne take fara cin mutum. 

Kuma mu duba su wane ne mu a Kurmi. Mai tura baro, mai ruwa, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, ɗan jari-bola, mai tallar rake da dabino, mai sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir, lebura a wurin gini, mai kora shanu zuwa mayanka. Kusan dukan sana'o'in da suka kawo mu nan a fili ake yin su. Tun da gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a manyan yankunan birnin a 2020, ta sake tsanantawa a 2022, samari da yawa sun sauka daga babur sun kama baro da kura, watau sun ƙara shiga rana a ƙafa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da lissafi cewa a shekarar 2019 kaɗai kusan mutum 19,000 ne suka mutu a duniya da sankarar fatar da suka samu ta wajen aiki cikin rana. Na riga na ce rabonmu a wannan lissafi ba shi da yawa. Namu rabon yana cikin ido da ƙoda. Hasken nan yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, shi ne kuma yake sa wani jan nama ya tsiro daga gefen ido yana tafiya wajen baƙin, abin da ake yawan gani ga manoma da masunta da 'yan acaɓa. Ƙoda kuwa, a ƙasashen Amurka ta Tsakiya irin su Nikaraguwa da El Salbado an ga yadda ciwonta yake kwashe matasa masu saran rake, kuma likitoci sun danganta shi da aiki cikin zafi kullum ba tare da isasshen ruwa ba. Wanda ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi ɗan kaɗan ja wur kamar shayi, ya sani ƙodarsa ce take kuka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin nan namu ne, mu muka yar da shi a tasha. Kakanninmu da suka riƙa fataucin goro zuwa Gwanja, suna wata da watanni a hanya, ba su tafiya sai da malfa. Bafillace ba ya bin shanu sai da ita. Buzu yana naɗe fuskarsa har ido kaɗai ya rage. Rawani da babbar riga da taguwa mai dogon hannu ba ado kaɗai ba ne, dabara ce ta mutanen da suka san rana. Yau yaro zai baro Illela ko Gumel, da ya sauka a Ikko sai ya ga malfa ta zama ƙauyanci. Sai ya sayi singileti da hular nan da muke kira hana-sallah, wadda take rufe goshi ta bar kunne da ƙeya a waje, daidai inda ranar ta fi ci. Hular gida ma, kube ko zanna, ba ta da baki ko kaɗan. Malfa mai faɗin baki kamar yatsa huɗu ko fiye tana yi wa fuska da kunne da wuya inuwa gaba ɗaya, kuma iska tana ratsa saƙarta. Na lura matan Yarbawa da na Ibo da ke kasuwanni ba su jin kunyar ɗora faffaɗar hular kaba su zauna kan kayansu. Mu da muka gaji saƙar abin mu ne muke jin nauyi.

Game da tufafi, riga sakakkiya mai dogon hannu ta fi tuɓewa, ko da mutum yana ganin kamar tuɓewar ce ta fi sanyi. In kana so ka san ko yadi yana tare rana, ɗaga shi sama ka duba. In haske yana ratsowa har kana ganin abin da ke bayansa, to ɓoyayyen hasken ma yana ratsowa. Rigar da ta jiƙe kuma ta fi busasshiya barinsa ya wuce. Tabarau yana da amfani ga ido, amma fa wanda aka yi shi domin tare hasken nan. Baƙin gilashi na banza yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa ne, hasken ya sami ƙofa.

Sa'an nan akwai lokaci. Likitoci suna cewa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne rana ta fi cutarwa, kuma suna ba da wata alama mai sauƙi ga wanda ba shi da agogo: in inuwarka ta fi ka gajarta, to ranar tana da dafi. Musulmi ba ya bukatar a koya masa wannan. Da inuwa muke gane lokacin salla tun fil azal, kuma kowane ɗalibin fiƙihu ya san La'asar tana shiga ne in inuwar abu ta kai tsawonsa. Ke nan daga hantsi ya dubi ludayi zuwa kiran La'asar, nan ne wurin hattara. A cikin sunna ma akwai jinkirta Azahar in zafi ya tsananta, akwai kuma ƙailula. Na san ɗan dako ba shi ne yake zaɓar lokacin da tirela za ta iso ba. Amma mai jari-bola da mai talla da mai gyaran takalmi su ne iyayen gidan kansu. Wanda ya fita da asuba ya yi zagayensa, ya kwanta a inuwar masallaci tsakanin sha biyu da uku, ya sake fita da yamma, ban ga abin da ya rage masa na ciniki ba, domin a wannan tsakani masu sayen ma suna cikin gidajensu.

To, in ƙunar ta riga ta faru fa? A nan ne muke ƙara wa ciwo gishiri. Wani ya shafa makilin, wani manja, wani ɗanyen ƙwai, wani ma baƙin mai na mota. Duk waɗannan ba su da wani amfani, wasunsu kuma suna kawo ruɓa. Abin da ake so shi ne a fita daga rana, a sanyaya wurin da ruwa mai sanyi irin na randa ko na famfo, ko a jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora na kamar minti goma sha biyar, a maimaita sau da yawa a wuni. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye, tana ƙara lalata fatar. Kada a dirje da soso da sabulu mai ƙarfi. Mai mai kauri irin su basilin da man shanu suna kulle zafi a ciki in an shafa da wuri, sai a dakata har wurin ya huce, sa'an nan a shafa man kaɗe ko ruwan ganyen alobera domin ya rage ɗamewa. In ya yi ƙulli ya ɗuri ruwa, a bar shi, kada a fasa da allura ko reza, domin fatar da ke sama ita ce murfin da ke hana ƙwayar cuta shiga. In fata ta fara saɓa, a bar ta ta faɗi da kanta. Farasitamol ya isa ga raɗaɗi. Ƙwayoyin ciwon jiki masu ƙarfi da ake saya a faranti, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna wahalar da ƙodar mutumin da ruwan jikinsa ya ƙare. A sha ruwa da yawa. In an yi gumi ƙwarai, a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa: ledar fiya-wata biyu, watau lita ɗaya, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Kuma a sani ƙunar rana ba ta nuna kanta nan take, takan yi awoyi kafin ta fito, ta fi tsanani kuma washegari. In ƙullin ya mamaye wuri mai faɗi, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi da amai suka biyo baya, ko kuwa jariri ne, to sai asibiti.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bugun zafi. Mutum yana cikin aiki sai kansa ya fara sarawa, jiri ya ɗebe shi, ya fara surutai marasa kan gado, ko ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa kamar garwashi. Mu kuwa sai a ce iska ce, a kewaye shi ana tofi, ana tare masa ɗan numfashin da ya rage. Addu'a ba ta hana a zuba ruwa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a nemi mota tun ana cikin yi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa kome a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Wanda yake ganin rana ba ta kisa ya tuna aikin Hajjin 2024, inda zafi a Makka ya haura digiri 51, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce alhazai fiye da 1,300 ne suka rasu. Da yawansu daga ƙasashe masu zafi suka zo, su ma 'ya'yan rana ne kamar mu. Kuma masu haɗiyar tiramol domin su ji ƙarfin aiki su sani, ƙwayar tana kashe musu ƙararrawar da jiki ke bugawa ne, ba ta rage zafin da kome ba. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin watan Maris, lokacin da Kurmi ta fi zafi. Hukuncin mai aikin ƙarfi a cikin azumi na malamai ne, su za a tambaya. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda ya sha shayi da lemun kwalba tsakanin buɗa-baki da sahur ya bar ruwa, ya fita filin daga ba guzuri.

Akwai wasu abubuwa kuma da ke raunana fata a gaban rana ba tare da mutum ya sani ba. Kafson nan ja da yalo, watau tetarasaikilin, da ɗan'uwansa dokisisaikilin, da sifiro da ake sha don taifot, da wani daga cikin magungunan hawan jini mai sa fitsari, duk suna iya sa mutum ya ƙone cikin ɗan lokaci. Ruwan lemun tsami ma in ya zuba a hannu rana ta buge shi, yakan bar baƙin tabo ko ƙulli kamar na wuta. Masu sayar da lemo da masu haɗa tsimi su wanke hannu.

Amma babbar ɓarna ita ce wadda muke saya da kuɗinmu, watau man bilicin. Allah Ya ba mutum garkuwa, shi kuma ya je kasuwa ya sayo abin da zai kankare ta. Mayukan nan suna ɗauke da sinadarin da ke hana fata yin melanin, wasu da maganin da ke sa fata ta yi siriri kamar takarda, wasu har da zaiba mai lalata ƙoda. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin abin da ke bukatar matakin gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Mu bar ɗora laifin a kan mata kaɗai. Samari suna shafawa, kuma mazan da ke cewa sai fara za su aura su ne suke riƙe da kasuwar. Baƙin tabon nan da ake gani a kumatu da goshin masu shafawa, wanda ba ya fita, aikin man ne da rana suka haɗu. Sai ta ga duhu ta ƙara mai, man ya ƙara buɗe wa rana hanya. Mafi muni, yanzu har jarirai ake shafa wa. Yaron da ba shi da bakin cewa a'a an tuɓe masa kariyarsa, sa'an nan an goya shi an shiga kasuwa da tsakar rana, kai a waje.

Na ajiye maganar zabiya a ƙarshe ne domin a wurinsu abin ba na ƙaiƙayi da saɓa ba ne, na rai da mutuwa ne. Zabiya an haife shi ba melanin, ko kuwa ɗan kaɗan. Gado ne da yake zuwa daga uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Tun 1975 wani likitan fata a Inugu, Anezi Okoro, ya bincika zabiya 1,000 a ƙasar nan, ya tarar sun fi yawa a Kudu bisa Arewa, ya kuma nuna yadda rana take tsufar da fatarsu tun suna yara, ta yi musu ƙuraje masu kaushi waɗanda ke rikiɗa su zama sankara, har ta kashe da yawansu tun ba su tsufa ba. Shekara hamsin ke nan da wannan bincike. Duk da haka har yau za ka ga yaro zabiya da ƙoƙon bara a bakin gada, ko an ɗora masa talla, ko ana jan makaho da shi, wuyansa duk ya yi ɓawo. Iyayen ba mugunta suke yi ba, ba wanda ya taɓa gaya musu ne. Yaron nan malfa da riga mai dogon hannu da dogon wando su ne abincinsa na biyu. A makaranta a zaunar da shi gaba domin idonsa ba shi da ƙarfi, in ya girma a koya masa sana'ar cikin inuwa, ɗinki ko tsaron kanti ko gyaran waya. Duk ƙurjin da ya yi wata bai warke ba, ko yake zub da jini, a kai shi wurin likitan fata tun yana ƙarami, domin a lokacin ana iya cire shi a huta.

Su da masu tabon bilicin ne suka fi kowa bukatar man kare fata daga rana. A jikin kwalbarsa za a ga haruffan SPF da lamba. Mai lamba 30 yana tare wajen kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 yana tare 98, kuma shi ake so ga zabiya. Ana shafa shi da yawa kafin a fita, a sake bayan awa biyu, ko in gumi ya wanke shi. Jariri da bai kai wata shida ba inuwa da tufa ne nasa, ba mai ba. Man kaɗe yana da kyau ga laushin fata, amma kada a dogara da shi wajen tare rana, kariyarsa kaɗan ce ƙwarai. Matsalar ita ce kuɗi. Kwalba ɗaya mai kyau ta fi abin da ɗan dako yake samu a wuni, ga jabu ya cika kasuwa, wani ma an cakuɗa shi da man bilicin. A ƙasar Tanzaniya, a garin Moshi, tun 2012 aka fara haɗa irin wannan mai a gida ana raba wa zabiya kyauta. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su a ƙasa. Ban ga dalilin da zai sa Gwamnatin Tarayya ta ci gaba da kallonsa a matsayin kayan kwalliya ba. A cire masa kuɗin fito, a ajiye shi a asibitocin gwamnati domin zabiya, kamar yadda ake ajiye gidan sauro domin masu ciki. 

Saudiyya tana hana a sa ma'aikaci aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ba na sa ran ganin irin wannan doka a kasuwanninmu nan kusa, don haka ba zan ɓata tawada a kanta ba. Waɗanda nake kira su ne Sarakunan Hausawa na garuruwan Kurmi, da shugabannin 'yan tumatir da 'yan albasa da 'yan shanu, da limamanmu. Babu motar da take sauke kaya ba ta biya kuɗin ƙungiya ba, babu ɗan dakon da ba a karɓar nasa. In wani ya rasu, kafin La'asar an haɗa kuɗin likkafani da na mota, kuma wannan abin yabo ne. To, a cikin wannan asusu a fitar da na rumfa ɗaya a inda 'yan dako ke jiran mota, da tanki ɗaya na ruwan sha wanda ba a saya, da mutum biyu a kowace kasuwa da za a kai su a koya musu abin da ake yi wa wanda zafi ya buge. Motocin da ke sauko da tumatir daga Kano da Jos kuma ba za su rasa wurin ɗaurin malfa ɗari a saman kaya ba. Masu saƙarta suna nan a ƙauyukanmu suna neman mai saye.